Ƙarin Gishiri

Ran Talata aka kawo labarin,
ina bakin taga ina ɓare lemo.
Telmo Viegas ya rasu, in ji 'yar maƙwabciyata,
a asibitin Faro, kafin gari ya waye.
Na ce, wane Telmo?
Alhali na sani. Telmo ɗaya na taɓa koyarwa,
ɗan benci na uku, jikin bango,
mai ƙarnin kifi a hannun riga,
don uwarsa fiɗar kifi take a masana'antar gwangwani
tun duku-duku har fitilun tashar jirage su kama.

Yana shekara tara na ba su jigo: Gidanmu.
Ya rubuto wai soronsu ya ɗara hasumiyar coci,
wai daga can yana hango Maroko,
wai kakarsa a kan gajimare take shanya.
Na zaro jan biro na rubuta a ƙasa:
Ka cika ƙarin gishiri.
Ya ɗago ya ce, "Malama, ai Olhao garin gishiri ne."
Aji ya kece. Na tsai da shi a lungu,
ina ɓoye tawa dariyar a bayan rajista.

Ashe laifin da na hore shi a kai, shi ne abincinsa.

Lisbon tukuna, sai Landan,
sai Sao Paulo, sai Tokyo,
biranen da ni da tsinin sanda kawai na taɓa su
a tsohuwar taswirar da ɗanshi ya cinye.
Ya sayar da mota ga mai mota biyu,
ruwan kwalba ga masu kwana a bakin kogi,
agogo ga waɗanda ba su da lokacin duba shi.
Kalma huɗu, biyar, ba ya wuce haka,
a kan allunan da suka fi ajinmu faɗi,
cikin harsunan da shi kansa bai iya ba,
kuma ko ɗaya babu sunansa.

Duk Kirsimeti kati zai iso:
Malama, bana ma na ƙara.

Sau ɗaya na titsiye shi a kan kofi.
Na ce, kana yarda da abin da kake rubutawa?
Ya juya cokali, ya juya.
"Turaren, ƙamshinsa gaskiya ne.
Cewa za a so ki idan kin fesa, wannan ni na ɗora."
Bai yi dariya ba.
Aure biyu, duk sun mutu.
'Ya ɗaya a Kanada, ba ta jin harshenmu.

Bara ya dawo, kwat na rataye a jikinsa
kamar an manta da ita a ƙusa.
Aikinsa na ƙarshe ba wanda ya biya:
ɗan kawunsa ya sayi kwalekwale,
shi ya durƙusa a rairayi da gwangwanin fenti.
Kwana uku a kan kalma ɗaya,
hannu na rawa.
Graciete. Sunan uwarsa.
Bai ƙara ko ɗigo ba.

A maƙabarta mutanen kamfani sun zo da furanni
da takalma masu ƙyalli.
Ɗaya ya ce duniya ba za ta sake ganin kamarsa ba.
Na ce a raina, lallai ka koyar da su.

Jiya na roƙi masu gidan yanzu su bar ni in hau soron.
Matakala ashirin da biyu, gwiwa ta shekara tamanin da shida.
Babu Maroko, Telmo. Ruwa ne, sai ruwa,
sai tarin gishiri fari fat can gefen gari.
Cocin ma ya fi ku tsawo nesa ba kusa ba.

Amma matar gidan ta shanya zanen gado a igiya,
iska ta ɗaga shi,
daga inda nake zaune ina haki
na ga gefensa ya hau kan gajimare.

Littafinka na nan cikin akwati.
Jan biron ya bushe tuntuni,
da na soke abin da na rubuta.